Zuba faifan garmaho a kwamfuta: a daidaita sautin cikin akwati ko cikin manhaja?

Duk wanda ya taɓa jona na'urar juya faifai da amfilifaya ta ramin da aka tanadar wa rediyo ko kaset ya san abin da ke fitowa daga lasifika: ɗan siririn sauti can ƙasa-ƙasa, ganga ba ta da ciki, muryar mawaƙi duk ta koma hanci. Faifan lafiyarsa ƙalau, allurar ma haka. Abin da ke kwance cikin layin faifan ke nan tun asali, domin da gangan aka karkatar da sautin kafin a yanka shi. Saboda haka mai son kwashe faya-fayansa ya adana a kwamfuta dole ya yanke shawara kan inda za a miƙar da wannan karkatar: a cikin akwatin lantarki kafin sautin ya isa kwamfuta, ko a cikin manhaja bayan ya riga ya shiga.

Dalilin karkatarwar ba ɓoyayye ba ne. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga ko jitar bes, yana sa allurar yanka ta yi lilo da faɗi. Da za a bar shi yadda yake, layukan sai su cinye wuri, gefe ɗaya na faifai ya ƙare cikin 'yan mintuna, allurar mai sauraro kuma ta riƙa tsalle. Siririn sauti kuwa motsinsa ƙanƙane ne ƙwarai, har ƙura da kaushin jikin faifan su danne shi. Sai masu yanka suka rage kaurin, suka ƙara siririn, da sharaɗin na'urar gida za ta juya lamarin daidai wa daida. An sami wuri, kuma lokacin da na'urar gida ta sauke siririn sautin, shuuu ɗin faifan ma ya sauka tare da shi.

Matsalar ita ce da farko kowane kamfani da nasa awon. Columbia ta fito da dogon faifai mai juyi 33⅓ a minti a 1948, RCA Victor ta biyo da ƙarami mai juyi 45 a 1949, Decca da EMI a Ingila su ma kowa da tasa hanyar. Sai a 1954 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni guda, wanda ta ɗauko daga na RCA Victor. A wannan ma'aunin, na'urar sauraro tana ɗaga sautin da ke kaɗawa sau 20 a sakan, wato Hz 20, da kusan desibel 20 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti). Tana barin na Hz 1,000 yadda yake. Tana sauke na Hz 20,000 da kusan desibel 20. Wuraren da layin awon ke lanƙwasa uku ne: wajen Hz 50, Hz 500 da Hz 2,122. Tsakanin ƙasa da sama akwai tazarar desibel 40 ke nan, kuma kusan duk gardamar da ake yi kan analog, wato miƙarwa a cikin akwati, da dijital, wato miƙarwa a cikin manhaja, daga wannan tazarar take tasowa.

Hanyar analog ita ce wadda iyayenmu suka sani ko da ba su san sunanta ba. Tsohuwar amfilifaya mai rami da aka rubuta PHONO a kai tana da ita a ciki, ana kuma sayar da ita a ɗan akwati daban, wanda zan kira akwatin fono. Aiki uku yake yi a lokaci guda. Yana ba kan allura, wato ɗan abin da ke riƙe da allura yana mayar da motsinta lantarki, nauyin lantarkin da yake buƙata, wato kilo-om 47 ga irin kan da maganaɗisunsa ke motsi, wanda shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Yana ƙara ƙarfin sautin, domin abin da kan allura ke fitarwa bai wuce milibolt 3 zuwa 5 ba, sai an ninka shi kusan sau ɗari. Sannan da rizisto da kafasita yake miƙar da karkatar RIAA. Abin da ya fito daga cikinsa waƙa ce cikakkiya: ka tura ta akwatin sauti na USB, mai shigar da sauti cikin kwamfuta, ka danna ɗauka, kana ji a kunnenka yadda za ta kasance har abada.

Sauƙin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin masu zumuɗin dijital suna raina shi fiye da kima. In allura ta tara ƙura a tsakiyar waƙa, ko wani gefen lasifika ya fara shaƙewa, nan take za ka ji ka tsayar. Awon ƙarfin ɗauka ma ba wuya, tunda sautin ya riga ya koma siffarsa ta asali.

Rauninsa yana cikin kayan da aka haɗa shi da su. Rizisto da kafasita ba sa zama daidai da lambar da aka rubuta a jikinsu. Akwai masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari, akwai masu kashi 5 ko 10. Akwati mai kyau yakan tsaya cikin rabin desibel daga ma'aunin, ko ƙasa da haka, abin da ba zai dami kowa ba. Na arha, ko tsohuwar amfilifayar da ta sha zafin bazara shekara da shekaru har kafasitocinta suka bushe, tana iya kaucewa da yawa, kuma hagu da dama su kauce ba iri ɗaya ba. Duk kaucewar da ta yi ta shiga fayil ɗinka. Babban raunin kuwa shi ne akwatin fono na gama-gari ma'auni ɗaya tak ya sani. Ko wane faifai ka ɗora masa, RIAA zai yi masa.

A hanyar dijital ana raba ayyukan ukun nan. Har yanzu kana buƙatar na'urar da za ta ba kan allura nauyinsa ta kuma ƙara masa ƙarfi, amma ba ta taɓa karkatar. Sautin yana shiga kwamfuta ɗanye, da hancinsa da komai, ka adana shi haka nan. Daga baya ka yi kwafi, ka ɗora masa ma'aunin da lissafi. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana da RIAA a cikin jerin gyare-gyarenta. SoX ma kyauta ce kuma tana da shi. Akwai na saye kamar VinylStudio da Pure Vinyl. Lissafi ba ya tsufa, ba ya jin zafi, kuma abin da ya yi wa hagu shi zai yi wa dama.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wurin jona waya. Ramin makirufo na akwatin sauti yana da ƙarfin da ake so, sai mutum ya ɗauka ya huta. Amma nauyinsa bai fi kilo-om 1 zuwa 3 ba, kuma kan allura mai maganaɗisu in ya haɗu da nauyi kaɗan haka siririn sautinsa mutuwa yake tun kafin ya kai kwamfuta. Ga kuma haɗarin maɓallin bolt 48 da ake tura wa wasu makirufo: in aka danna shi bisa kuskure, siririyar wayar da ke naɗe cikin kan allura tana iya lalacewa. Ramin jita kuwa nauyinsa ya kai om miliyan guda, ya yi yawa, sai siririn sautin ya yi tsini. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya maƙala rizisto na kusan kilo-om 50 a kowane gefe don nauyin ya sauko wajen 47, amma a tuna har tsawon wayar yana da tasiri, domin yawancin irin waɗannan kawunan suna son fikofarad (awon kafasita) 100 zuwa 200 gaba ɗaya, da na waya da na na'ura. Mafi kwanciyar hankali shi ne akwatin fono mai maɓallin kashe ma'auni. Akwai su, sai dai ba su cika kasuwa ba, kuma sun fi tsada.

Ƙorafin da aka fi yi wa hanyar dijital shi ne wai tana cinye ingancin ɗauka. Akwai gaskiya a ciki, amma sai an yi lissafi. Bit shi ne awon zurfin ɗauka a kwamfuta, kuma kowane bit ɗaya yana ba da kusan desibel 6 na tazara tsakanin mafi ƙarfin sauti da hayaniyar na'ura. Bit 16 na ba da desibel 96. Bit 24 a takarda 144 ne, a zahiri na'urori masu kyau suna kaiwa wajen 110 ko ɗan sama. Shi kuwa faifai, ko sabo fil, hayaniyar jikinsa tana wajen desibel 60 zuwa 70 ƙasa da waƙar. A ɗanyen ɗauka siririn sauti ne ke gaba, kuma kowane ƙas na ƙarce yana harbawa sama sosai, dole ka sauke ƙarfin ɗauka ka bar sarari. Bayan haka za ka ɗaga kaurin da desibel kusan 20, hayaniyar na'urarka da ke wannan yankin ta tashi tare da shi. A bit 24 ko an cire duk wannan, hayaniyar faifan ce har yanzu ke sama da ta na'ura da rata mai yawa. A bit 16 ratar tana tsukewa har ta fara ba da tsoro. Saboda haka wanda na'urarsa ba ta wuce bit 16 ba, kamar yawancin na'urorin juya faifai masu USB a jikinsu, ya tsaya kan analog. Su dama da RIAA a cikinsu suke zuwa.

Akwai wani ɗan lungu da ba kowa ke leƙawa ba. Matatar analog, wato ɓangaren da ke miƙar da karkatar, ba ƙarfin sauti kaɗai take canzawa ba, tana kuma jinkirta wasu sautukan kaɗan a kan wasu. Na'urar yanka ta yi nata jinkirin, akwatin fono ya warware shi, komai ya dawo daidai. Matatun dijital kuwa iri biyu ne. Wanda SoX ke amfani da shi yana kwaikwayon halin analog, yana warware ƙarfi da jinkiri tare. Wanda ke cikin Audacity yana gyara ƙarfi ya bar jinkirin yadda ya same shi. Masu sana'ar sun yi saɓani kan ko kunne na kama bambancin, amma a awo yana nan, kuma tunda duka biyun kyauta ne ni na fi son wanda ya warware duka. Haka nan lissafin ya fi zama daidai a can saman sauti in an ɗauka a kHz 96, wato kwamfuta ta auna sautin sau 96,000 a sakan, maimakon 44.1. Kuɗinsa wurin ajiya ne: minti ɗaya a kHz 96 da bit 24, hagu da dama, yana cin megabayit 35 ko kusa, dogon faifai mai minti 40 ya kai gigabayit 1.4. Tsarin matse fayil na FLAC zai rage wannan sosai ba tare da ya zubar da komai ba.

Wajen cire ƙas-ƙas ne ɗanyen ɗauka ke fara nuna amfaninsa. Ka buɗe fayil ɗin ka faɗaɗa wurin da allura ta haye ƙarce. A ɗanye za ka ga tsini guda, siriri, ya miƙe tsaye ya faɗo cikin ƙiftawar ido, waƙar na gefensa biyu ba abin da ya same ta. Ka duba wuri ɗayan a fayil ɗin da ya bi ta RIAA: kan tsinin ya dakushe, ya kuma ja wutsiya mai kauri a bayansa wadda ta cuɗanya da kiɗan. Manhajar cire ƙarce ta fi gane na farkon, kuma abin da za ta cike da ƙiyasi ya fi ƙanƙanta. Ga faifai mai tsabta wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin gado ba riga, babban bambanci ne.

Amma inda zaɓin ya daina zama na ra'ayi shi ne tsofaffin faya-fayai masu juyi 78, masu nauyin nan da ke fashewa in sun faɗi. Mafi yawansu an yanka su kafin a san da RIAA. Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki mawaƙan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, daga baya HMV da Decca suka ci gaba da fitar da faya-fayai domin kasuwar wannan yanki. Da yawa daga cikin na Ingila na wancan zamani kaurinsu kawai aka rage, daga wajen Hz 250 ko 300 zuwa ƙasa, ba a ƙara siririn ba ko kaɗan. In ka bi da irin wannan ta akwatin RIAA, zai sauke sautin Hz 10,000 da kusan desibel 14 da babu wanda ya taɓa ƙarawa, ya kuma kumbura kaurin fiye da ƙima. Muryar ta dusashe, kiɗan ya yi ɗumm, mai sauraro ya ce ai haka kayan da suke. Alhali ba haka aka ɗauke su ba. Abin yana yi mini ciwo, domin wasu daga cikin waɗannan faya-fayan ƙila kwafin da ya rage bai taka kara ya karya ba, kuma muryar da ke ciki ba za a sake jin ta a wani wuri ba.

Sau da yawa kuma takardar tsakiyar faifan ba ta faɗin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Sai an duba kamfani da shekara da lambar da aka tona kusa da takardar, a gwada wannan a gwada wancan. Kamfanonin ma ba rana ɗaya suka koma RIAA ba, don haka har dogayen faya-fayan farkon shekarun 1950 suna cikin wannan ruɗanin. Mai ɗanyen fayil zai gwada ma'auni biyar a zama ɗaya ba tare da allura ta sake taɓa faifan ba, in kuma bayan shekaru aka gano ainihin ma'aunin, sai ya sake lissafi kawai. Ɗanyen fayil kamar yadi ne da ba a kai wa tela ba tukuna. Shi ya sa ma'ajiyar sauti ke ba adana asali muhimmanci. Ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar kada a sauka ƙasa da kHz 48 da bit 24, ta fi son a kai 96, kuma duk wani gyaran ƙawa a yi shi a kan kwafi.

Ga wani dalilin kuma. Na'urorin juya faifai da yawa ba su da juyi 78, sai mutum ya ɗauka a 45 ya ƙara gudun a manhaja da kusan ninki 1.74. Dabarar tana aiki, amma in sautin ya bi ta RIAA a lokacin da yake tafiya a hankali, ma'aunin ya sauka a wuraren da ba nasa ba, dole a warware shi kafin a taɓa gudun. Da ɗanye babu wannan wahalar. A kuma tuna layin faifan 78 ya fi na dogon faifai faɗi wajen sau uku ko huɗu. Allurar zamani nutsewa take har ƙasan layin tana kwasar datti, sai an nemi tasa.

Wutar lantarkinmu kuwa tana ba analog wata hujja da ba a cika ambata ba. A Najeriya da Nijar wuta tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma a daidai Hz 50 ma'aunin RIAA yana ɗaga sauti da kusan desibel 17. Duk gurnanin wuta da ya shiga kafin a ɗora ma'aunin zai tashi da wannan adadin. A hanyar analog, yankin haɗarin gajere ne, daga allura zuwa akwatin fono; abin da ya shiga bayan nan ba a ɗaga shi. A hanyar dijital, duk tsawon hanyar har cikin akwatin sauti yankin haɗari ne, da cajar kwamfuta da inbata da janareton maƙwabci. Maganinsa sananne ne: a ɗaure siririyar wayar ƙasa ta na'urar juya faifai a jikin akwatin, a gajarta wayoyi, a nisanta su da tiransifoma, a cire caja a yi ɗaukar a kan batir. Kafin a sauke allura a ɗauki sakan goma na shiru, a ɗora masa RIAA, a ƙure murya a saurara. In gurnani ya taso, a gyara kafin a fara.

Wutar tana shafar gudu ma, ko wace hanya aka bi. Na'urar da motarta ke bin kaɗawar wuta, in an ƙera ta domin Amurka inda ake da Hz 60, a nan za ta juya wajen 27.8 maimakon 33⅓, kuma a kan janareto gudunta zai riƙa hawa da sauka tare da injin. Masu riƙe gudu da kwatz, irin su Technics SL-1200 daga samfurin 1979 zuwa gaba, ba ruwansu da wannan.

Akwai hanya ta tsakiya ga wanda akwatin fono mai kyau kawai yake da shi amma 78 ya faɗo hannunsa. Ya ɗauka ta RIAA a bit 24, ya warware ma'aunin a manhaja, sannan ya ɗora wanda ya dace. Ba ta kai ɗanyen ɗauka tsabta ba, domin kaucewar akwatin tana nan a ciki, amma ta fi barin faifan a dusashe nesa ba kusa ba. Sharaɗinta a rubuta sunan akwatin da aka yi amfani da shi.

To wanne za a zaɓa? Ni dai ina duba faya-fayan ne kafin na'urorin. In abin da ke cikin kwalinka dogaye ne da 'yan 45 na shekarun 1960 zuwa 1980, irin waɗanda EMI da Decca suka fitar a Legas, duk RIAA ne, kuma akwatin fono mai kyau da ɗauka a bit 24 ya ishe ka. Ba na jin akwai wanda zai rufe ido ya bambance shi da na dijital da aka yi daidai. Kuɗin da za ka kashe neman akwati mai kashe ma'auni gara ka sayi sabuwar allura da kayan wanki, domin faifan da aka wanke da tataccen ruwa aka bar shi ya bushe a tsaye a inuwa yana sauke hayaniya fiye da duk abin da zaɓin ma'auni zai yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In kuwa akwai 78 a ciki, ko faifan da ya sha ƙarce, ko wanda kake zaton babu irinsa a wani gida, ko aikin na gidan rediyo ne ko jami'a, ka jure wahalar jona wayoyi ka ɗauka ɗanye.

Wanda ya bi wannan hanyar ya ajiye fayil biyu ga kowane gefe, ɗanyen da ba a taɓa ba da gyararren da za a saurara, a wurare biyu daban. A cikin sunan fayil ko ɗan rubutu a gefensa ya sa kamfani, lambar faifai, lambar da aka tona kusa da takarda, irin allura, gudun da aka ɗauka da shi, da ma'aunin da aka ɗora. Ya kuma rubuta ɓaro-ɓaro a sunan ɗanyen cewa ba a daidaita shi ba, domin wanda ya buɗe shi nan gaba ya ji siririn sautin nan zai iya ɗauka lalatacce ne ya goge.